Babban Gwani na Zazzau: tarihin wani magini tsakanin gini, riwaya da harshe

0. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin rayuwa da aikin maginin nan da aka fi sani da laƙabin Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846). Duk wanda ya taɓa nazarin gine-ginen ƙasar Hausa ya ci karo da wannan suna, domin babu wani magini na ƙarni na 19 da ya kai shi shahara tun daga Sakkwato har Bauci. Amma idan aka zo ga tambayoyin da mai rubuta tarihin mutum ya saba yi, watau sunansa na yanka, da wanda ya koya masa sana'a, da jerin ayyukansa, da yadda ya ƙare, sai a tarar riwayoyi sun rarrabu, kowace ta kama hanyarta.

Abin da muke son nunawa shi ne wannan rarrabuwa tana da dalili. « Babban Gwani » laƙabi ne tun kafin ya zama sunan mutum guda, kuma da tafiya ta yi tafiya laƙabin ya haɗiye mai shi, har ya bazu a kan unguwa da kan gine-gine. Saboda haka tarihin da za a iya kafawa da hujja tarihin gida ne da sana'a. Za mu dogara a kan shaidu iri huɗu: rubutun wani matafiyi na 1824, da riwayoyin baka kamar yadda manazarta suka tattara su, da ginin kansa kamar yadda aka auna shi a ƙarni na 20, da kuma kalmomin sana'ar gini. Shaida ta huɗu ita ce fagenmu, mu masu nazarin harshe, kuma ita ce ta haɗa Zariya da ƙasar Maraɗi da ta Tawa, inda za mu ƙarasa.

1. Zamanin da ya yi aiki

1.1. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya sauya sarauta a manyan biranen Hausa cikin ƴan shekaru. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunanta na da suka yi arewa, zuriyarsu ta zauna Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Zazzau ta bi baya wajen 1808: Sarki Makau ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda a yau ake kira Suleja. An kafa birnin Sakkwato a 1809. Sabuwar daula tana bukatar masallatan Juma'a, da fadoji, da ɗakunan shari'a, da ganuwa ga ribaɗoɗin da ke tsaron iyaka. Bukatar magina ke nan ta ƙaru ƙwarai, kuma dukiya da ƙwadagon da babban gini ke ci, na talakawa da na bayi, a hannun sababbin sarakuna suke.

1.2. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817-1837) ya ɗauki wannan al'amari a matsayin wajibin mai mulki. A cikin littafinsa Usul al-Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'o'in hannu, ya zaunar da su cikin garuruwa, ya gina birane masu ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Wannan shi ne yanayin da ya sa magini ke iya tashi daga birninsa ya je ya yi wa wani sarki aiki a wata ƙasa mai nisa.

1.3. A Zazzau, bayan jihadi, sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje. Malam Musa, tushen Mallawa, ya yi mulki har 1821. Yamusa, tushen Barebari, daga 1821 zuwa 1834. Sa'an nan Abdulkarimu, tushen Katsinawa. Sarki na farko daga gidansa, wanda ya tarar da gidaje biyu sun riga shi, yana da dalilin barin abin da za a tuna shi da shi. Masallacin da ke fuskantar fada shi ne abin da ya bari.

2. Maginin da Clapperton ya gani a Sakkwato

Shaidar rubutu mafi tsufa da ta shafi batunmu ta fito ne daga Hugh Clapperton, wani hafsan jiragen ruwan Ingila ɗan ƙasar Sikotlan, wanda ya zauna Sakkwato daga watan Maris zuwa watan Mayu na 1824. A cikin labarin tafiyarsa da aka buga a 1826, ya ce ya je ya ga wani masallaci da ake ginawa da kuɗin Waziri Giɗaɗo. Ya siffanta rufin da cewa shimfiɗaɗɗe ne, yana zaune a kan bakuna, bakunan kuma a kan ginshiƙai layi 7, kowane layi ginshiƙi 7, na itace da aka yaɓe da ƙasa aka yi musu ado.

A can ya gana da shugaban maginan. Mutumin ya gaya masa shi Bazazzagi ne, kuma mahaifinsa ya taɓa zama Masar, ya koyo wani abu na fasahar gini a can, da zai rasu ya bar masa takardunsa, daga cikinsu ya sami abin da ya sani. Clapperton ya ƙara da cewa maginin ya nuna matuƙar son ya mallaki wani ma'aunin lissafi da masu jirgin ruwa ke aiki da shi, wanda ake kira ma'aunin Gunter.

Clapperton bai rubuta sunan mutumin ba. Wasu manazarta sun ga cewa shi ne Babban Gwani, kuma lissafin shekaru bai hana ba, tun da shekara 10 ce kawai tsakanin wannan ganawa da hawan Abdulkarimu. Ko shi ne ko wani daga cikin maginan Zazzau, abubuwa uku sun tabbata daga wannan shaida. Na ɗaya, tun 1824 sunan maginan Zazzau ya kai inda Wazirin Sakkwato zai damƙa wa ɗayansu masallacinsa. Na biyu, sana'ar gado ce, daga uba zuwa ɗa. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, a gidan magini ɗaya aƙalla akwai takardu. Ra'ayin da aka daɗe ana yaɗawa cewa maginin Hausa da ido da hannu kaɗai yake aiki, ba ya ƙirga ba ya zane, wannan shaida ta raunana shi. Mutumin da ke neman ma'aunin lissafi ya san amfaninsa.

3. Suna, laƙabi da riwaya

3.1. Kalmar « gwani » (mace: gwana, jam'i: gwanaye) ana ɗaukar ta a matsayin aro daga « goni » ta Barbarci. A tsarin tsangaya daraja ce ta wanda ya haddace Alƙur'ani, ya iya rubuta shi da ka, ya ƙware a kan harsashensa, tana sama da ta gardi da ta alaramma. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa ƙwarewa a kowace sana'a. Abin lura shi ne a asalinta daraja ce da masana ke ba ɗan'uwansu bayan sun jarraba shi. Sarauta kuwa, irin ta Sarkin Magina, sarki ke naɗawa. Wanda aka kira Babban Gwani, ashe an auna shi ne da ma'aunin malamai, an kuma ɗora shi a kan sauran gwanaye.

3.2. Game da sunansa na yanka, rubuce-rubuce sun kasu biyu. Waɗansu, musamman masu magana a kan masallacin Zariya, suna kiran sa Malam Mika'ilu. Waɗansu kuma suna kiran sa Muhammadu Durugu, kuma wannan suna ne ya fi fitowa idan ana zancen ayyukan ƙasar Bauci. Manyan ayyukan bincike a kan batun su ne na J. C. Moughtin, wanda ya rubuta maƙala a kan masallacin a 1972 da littafi a kan gine-ginen Hausa a 1985. Da kundin digiri na uku na Hamman Tukur Saad, wanda ya gabatar a jami'ar Michigan a 1981. Da juzu'ai 3 na Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Polan, waɗanda aka buga a 1990 bayan rasuwarsa. Dukkansu sun zo ne fiye da shekara 100 bayan ginin, saboda haka a fannin rayuwar maginin riwayar baka ce madogararsu.

3.3. Ayyukan da ake danganta masa sun wuce Zariya. Mafi shahara shi ne Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, arewa da birnin Bauci, wanda ake cewa an gina shi wajen 1860, a zamanin Sarkin Bauci Ibrahim (1845-1877), aka kuma sa shi cikin kayan tarihin Nijeriya a 1956. Mutanen wurin ginin kansa suke kira Babban Gwani. A Zariya kuma akwai unguwa mai wannan suna, inda zuriyar gidan suka zauna suna riƙe da sana'ar. Nan muna ganin sauyin ma'anar da Faransanci ke kira « métonymie »: sunan mai aiki ya koma kan aikinsa da kan mazauninsa. Da zarar haka ta faru, duk soro mai ƙayatarwa yana iya samun sunan, daga baya kuma sunan ya zama hujjar cewa mutumin ne ya gina shi.

3.4. Riwayar da ta fi yaɗuwa game da ƙarshensa ita ce Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya gina masa masallaci, da ya gama sai sarkin ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Akwai kuma masu cewa da dare yake aiki shi kaɗai, lebarori su tara masa ƙasa da rana, gari ya waye a tarar gini ya tashi. Idan kisan ya biyo bayan aikin Zariya kai tsaye, to ba shi ne ya yi aikin Kafin Madaki a 1860 ba, sai dai ɗansa ko almajirinsa mai ɗauke da laƙabin. Idan kuwa aikin Bauci ya riga na Birnin Gwari, kuma shi ne mutumin da Clapperton ya gani, to ya yi shekara 36 ko fiye yana shugabancin magina. Wannan mai yiwuwa ne, amma fassarar farko ta fi dacewa da samuwar sunaye biyu.

3.5. Labarin sarkin da ya halaka magininsa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Malamanmu sun san karin maganar Larabawa ta sakayyar Sinimmar, maginin da aka ce ya gina wa Sarki Nu'umanu na Hira fadar Khawarnaƙ, aka jefo shi daga samanta. A Rasha ana cewa Sarki Ivan ya makantar da Postnik Yakovlev bayan ya gina majami'ar nan mai launuka ta birnin Mosko (1555-1561), alhali takardu sun nuna mutumin ya ci gaba da aiki a Kazan. Irin wannan labari hukunci ne da jama'a ke yankewa a kan aiki, ma'anarsa ita ce ba a sake yin kamarsa ba. Haka labarin aikin dare: hanya ce ta faɗin cewa sirrin sana'ar a gida ɗaya yake, ba kowa ke ganin yadda ake ɗaure baka ba. Mai tarihi zai amfana da waɗannan riwayoyi idan ya karanta su a matsayin shaida a kan darajar magini a idon mutane, ya kuma yi hattara kafin ya ɗauke su a matsayin rana da wata.

4. Ginin da kalmominsa

4.1. Masallacin, kamar yadda Moughtin da Dmochowski suka auna shi, ya ƙunshi babban ɗakin salla, da ɗakin shari'a, da zauruka na shiga inda ake alwala, duka cikin katanga guda. Daga waje ba shi da wani ado mai yawa. Gwanintar tana ciki: manyan ginshiƙai masu zane mai zurfi, bakuna suna tashi daga jikinsu suna gicciye juna, tulluwa tana zaune a kan kowane sashe. Domin a gane matsalar da maginin ya warware, sai an san kayan aikinsa. Ga manyan kalmomin:

(1) tubali: curin ƙasa mai siffar ƙwai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa;
(2) azara: tsagin kututturen giginya, mai ƙarfi, wanda gara ba ta cika ci ba;
(3) al'amudi ko ginshiƙi: abin da ke ɗauke da rufi a tsakiyar ɗaki;
(4) bakan gizo: lanƙwasasshen gini da ke haɗa bango da bango ko ginshiƙi da ginshiƙi;
(5) ɗaurin guga: bakuna da suka gicciye a tsakiyar rufi;
(6) tulluwa: rufi mai tudu da ke zaune a kan bakuna;
(7) makuba: yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa;
(8) laso: yaɓe mai hana ruwa, na katsin marina da gashin jima da dafara.

4.2. Azara ɗaya, idan aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya tsallake fiye da wajen mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Wanda ke son ɗaki mai faɗi dole ya cika shi da ginshiƙai, kamar masallacin Giɗaɗo, ko kuwa ya nemi wata dabara. Dabarar ita ce bakan gizo. Magini yana kafa azara cikin bango ta leƙo ciki kaɗan, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa tana ƙara kwantawa. Haka daga ɓangarorin biyu har ƙafafun bakan su haɗu a sama. Ba a bukatar wani katakon tallafi a ƙarƙashi, kamar yadda ake yi wa bakan dutse a Turai. Bakan dutse nauyin duwatsun da ke danne juna ne ke riƙe shi. A bakan gizo kuwa azara ce ke jure ja, ƙasa tana jure danniya, kusan yadda ƙarfe da siminti ke raba aiki a ginin zamani. Kowane mataki sai ya bushe kafin a hau na gaba, shi ya sa aikin na rani ne, shi ya sa kuma babban gini ke cin shekaru.

4.3. Idan muka dubi asalin kalmomin, za mu ga sun kasu. « Tubali » ana danganta ta da « tub » ta Larabci, tushen da ya ba Sifaniyanci, daga nan Faransanci, kalmar « adobe ». « Al'amudi » daga Larabci take, ta shigo da harafin ta'arifi manne da ita, kamar alƙalami da alƙali da albasa. « Gwani », mun gani, daga Barno. Amma sunayen dabarar rufin, watau (4) da (5), harɗaɗɗun sunaye ne na Hausa tsantsa, an ɗauko su daga abin da kowa ke gani: bakan da ke fitowa a sama bayan ruwa, da yadda ake gicciya itace a bakin guga don a ɗaura igiya. Ita kanta kalmar « magini » (ma- + gin- + -i) daga aikatau « gina » take, wadda ta haɗa tayar da bango, da ƙera tukunya, da haƙa rami, kamar a karin maganar da ke cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A tunanin harshen, magini da maginiyar tukwane da mai haƙar rijiya aikinsu ɗaya ne, sarrafa ƙasa.

4.4. Labelle Prussin ta kawo ra'ayin cewa bakan Hausa ya samo asali ne daga lanƙwasassun itatuwan bukkar makiyaya, aka mayar da su ginin ƙasa bayan jihadi. Akwai masu ja da wannan ra'ayi, suna nuni da tsofaffin sorayen Kano da Katsina. Shaidar harshe ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba, domin mutane na iya aro abu su raɗa masa sunan gida. Amma tana da nauyinta: inda Hausa ta aro abu daga gabas, sau da yawa ta aro shi da sunansa, ga shi kuwa a nan ba ta yi haka ba. Ko mene ne ke cikin takardun da aka zo da su daga Masar, hannun da ya ɗaure bakan da Hausa ya yi tunaninsa.

5. Kwatanci biyu

5.1. Domin a ga abin da rashin takardu ke jawowa, yana da kyau mu dubi wani magini na wata nahiya wanda matsayinsa ya yi kama da na Babban Gwani. Balthasar Neumann, gwanin salon gini mai yawan ado da ake kira barok a ƙasar Jamus, an haife shi a 1687 a garin Eger, wanda a yau ake kira Cheb a ƙasar Cek. Bai yi makarantar zanen gini ba. Ya fara ne da koyon zubin ƙararrawa da igwa, ya zo Würzburg a 1711, ya shiga soja a rukunin masu igwa, daga nan ya zama injiniya. Sarakunan garin, waɗanda kuma su ne manyan limaman coci, ƴan gidan Schönborn, suka damƙa masa ginin fadarsu a 1720. A 1743 aka aza harsashin majami'ar Vierzehnheiligen bisa tsarinsa. Ya rasu a 1753. Jamusawa suna kiran irinsa « Baumeister », watau gwanin gini. Shi ma da rufi ya yi suna: rufin matakalar fadar Würzburg, wanda babu ginshiƙi a tsakiyarsa, ya tsira daga ruwan bama-baman watan Maris na 1945. An sa hotonsa a takardar kuɗi ta mark 50 daga 1991 har zuwan kuɗin yuro.

Mutanen biyu duk sun koyi sana'a a hannu, duk sun yi wa sarakuna masu riƙe da addini aiki, duk gwanintarsu a rufe fili mai faɗi take. Bambancin shi ne wasiƙun Neumann da zane-zanensa an adana su, saboda haka ana iya bin rayuwarsa shekara bayan shekara, a kuma rarrabe aikinsa da na ɗansa da na abokan aikinsa. Takardun maginin Zazzau kuwa a shafi ɗaya na littafin wani baƙo muka ji labarinsu. Tazarar da ke tsakanin tarihin mutanen biyu tazarar adana takardu ce.

5.2. Kwatanci na biyu a gida yake. A 1962 dattawan ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, suka ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin gina musu masallacin Juma'a. Jama'ar gari suka yi gayya, masu yin tubali na yi, masu ɗebo ruwa na yi, masu kawo itace na yi. A 1975 ya sake rufin, ya sa bakuna da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya 4 a kusurwoyi, kowace da siffarta. A 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Shi ma « Falke » laƙabi ne, tilon « fatake » a karin harshen yamma, inda gabas ke cewa « farke ». Amma da yake an rubuta labarinsa yana da rai, mun san shekarun aikinsa ɗaya bayan ɗaya. A Dandaji kuma, cikin jihar guda, tsohon masallacin da ake danganta masa an mayar da shi ɗakin karatu a cikin aikin Hikma, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018, aka gina sabon masallaci kusa da shi da matsattsen tubalin ƙasa.

Nan wata matsalar fassara ta taso wadda ta shafi mujalla mai harshe biyu irin wannan. Faransanci ya raba « architecte », mai tsarawa, da « maçon », mai ɗora tubali, kuma an saba fassara « magini » da ta biyun. Babban Gwani da Falke Barmu sun yi aikin duka biyu. Duk ƙamus ɗin da ya tsaya a kan « maçon » kaɗai ya rage wa kalmar rabin ma'anarta.

6. Abin da ya rage, da aikin da ke gabanmu

6.1. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara kafin damina, da gyaran indararo, da idon wanda ya san inda tsaga ke farawa. Cikin shekarun 1970 an kewaye tsohon ɗakin sallar Zariya da sabon gini na siminti, waɗansu sassa na tsohon tsarin suka tafi. A garin Jos, Dmochowski ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka tayar da kwafin masallacin. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan haka masarautar Zazzau ta kafa gidauniyar sake ginin. A ɓangarenmu ma, ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama, mahukuntan Faransa suka mayar da shi kan tudu, gine-ginen da da yawa suka tafi ke nan. Shaida ta uku, watau ginin, ba mai dawwama ba ce.

6.2. Shaida ta huɗu ma tana cikin sauyi. A gari irin Ɗan Issa, cikin gundumar Madarumfa, a kan hanyar da ta taso daga Maraɗi ta bi Jibiya zuwa Katsina, kalmomin aro na ɓangarorin iyaka biyu suna haɗuwa a baki ɗaya: « birkila » da « bulo » daga Ingilishi, « maso » da « tol » daga Faransanci. Wannan ba abin kuka ba ne, haka harshe ke rayuwa, kuma « tubali » da « al'amudi » su ma baƙi ne a da. Abin da ke faruwa dai shi ne kalmar sana'a ba ta daɗewa bayan aikinta ya tsaya. Yaron da ya tashi a ƙarƙashin rufin kwano zai san bakan gizo na sama, zai kuma san guga, amma ma'anarsu ta gini sai an gaya masa.

6.3. Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu neman batun kundi shawarar aiki mai sassa uku. Na farko, tattara kalmomin gini daga bakin tsofaffin magina a Ɗan Issa da Madarumfa da Tsibiri da Tasawa, tare da sauti da tsawon wasali, da hoton abin da kowace kalma ke nufi. Na biyu, rubuta silsilar kowane magini: wa ya koya masa, a wane gari, shi kuma wa ya koya wa wancan. Na uku, kwatanta abin da aka samu da ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, da kuma kalmomin da aka tattara a Zariya da Kano, don a ga inda kare-karen harshe suka rabu da inda suka haɗu. Tambaya ɗaya kada a manta da ita a kowane gida: ko akwai takarda, ko allo, ko sandar awo da aka gada.

7. Kammalawa

Mun ga cewa abin da ya tabbata game da Babban Gwani shi ne: maginin Zazzau ne daga gidan gado, ya yi aiki a lokacin da sabuwar daula ke bukatar manyan gine-gine, ya gina masallacin Zariya tsakanin 1834 da 1846, ya kuma kai dabarar bakan gizo matsayin da ya sa laƙabinsa ya zama ma'aunin gwaninta. Sunaye biyu da ake ba shi, da tazarar shekarun ayyukan da ake danganta masa, da labarin kisansa mai kama da na wasu ƙasashe, duk suna nuna cewa a ƙarƙashin laƙabin akwai gida guda da hannu fiye da ɗaya. Falke Barmu ya sami wanda ya rubuta shekarunsa tun yana da rai. Maginan ƙasar Maraɗi da suka rage suna nan a garuruwansu, kuma daga Yamai zuwa can tafiyar yini ɗaya ce.